Littafin shago: injin gurza fata ko asid, wanne zai zauna?

Litinin, 11 ga Nuwamba 2024

Injin ya iso daga Kano jiya da la'asar. Aro aka ba ni zuwa bayan ƙaramar Sallah: in ya yi mini in biya, in bai yi ba in mayar wa mai shi abinta. Kwalaben asid kuwa tun makon jiya suna cikin durowa, nesa da rana.

Abin da ya kawo wannan aiki shi ne kwastomomi. Shekara da shekaru dilka da halawa da lalle muke yi a nan Gesse, babu mai ƙorafi. Yanzu yarinya za ta shigo ta miƙo miki waya, ta ce "Anti, irin wanga nike so." In kin duba, ɗayan biyu ne: ko ana zagaya fuska da inji, ko an shafa wani ruwa fata tana salewa. Na yi kwas a kan duka biyun, amma hotunan da aka koya mana da su yawanci na fararen fata ne. Ina so in gani da idona a fatarmu, cikin ranar Birnin Kebbi, kafin in rubuta ko ɗaya a allon farashi.

Injin, wanda 'yan kwas ke kira maikrodamabreshan, abu ne mai sauƙi. Hannu ne mai kan ƙarfe da aka liƙa wa garin daimon, da roba mai zuƙar iska. Kan yana gurje matacciyar fatar sama, iskar tana zuƙe ta. A Italiya aka ƙirƙiro shi a 1985, kuma na farko ƙwayoyin aluminiyam oksaid suke fesawa a fuska. Na fi son wannan mai daimon, don ba ya watsa gari a ido ko hanci. Ƙurar hunturu ma ta ishe mu.

Asid kuma aikinsa daban. Ba ya gurza komai, sassauta abin da ke riƙe matattun ƙwayoyin fata yake yi, su zube da kansu cikin kwanaki. Akwai mai tsayawa a sama-sama, akwai matsakaici, akwai mai zurfi. Ni na sama-sama kaɗai na ajiye: salisilik mai kashi 20, mandelik mai kashi 30, gilaikolik mai kashi 20. Masu zurfi irin su asid ɗin TCA mai ƙarfi da finol aikin likita ne. Finol har bugun zuciya yake taɓawa, kuma a baƙar fata yakan bar farin dabbare da ba ya komawa.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Ban taɓa fuskar kowa ba tukuna. Tantancewa nake yi, kuma ita ce ta fi cin lokaci.

Na sa an faɗa wa tsofaffin kwastomomi cewa duk mai son shiga gwajin za a yi mata a rabin kuɗi, da sharaɗin za ta bari in ɗauki hoton kumatunta da goshinta kowane zuwa, a bakin taga ɗaya, da safe, ba hoda. Sun zo da yawa. Waɗanda suka tsallake tambayoyi ba su kai rabi ba.

Tambayoyin da ke takarda ba su da wuya. Kina da ciki ko kina shayarwa? Asfirin yana ba ki matsala? In yana ba ki, ba ke ba salisilik, don danginsu ɗaya. Ƙurjin zazzaɓi yana fito miki a leɓe? Kin sha maganin ƙuraje mai suna aisotiretinoyin cikin wata shida da suka wuce? In kin ji ciwo ko an huda miki kunne, tabon yana tashi ya yi tudu? Duk waɗannan ana amsa su da gaskiya.

Tambayar da ba a amsawa da gaskiya ita ce wane mai kike shafawa. Kowa basilin take shafawa. Sai ki dubi hannu, ki ga gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, bayan hannun kuwa ja. Don haka na daina tambaya da baki. Cewa nake yi gobe ki zo mini da duk abin da ke kan madubinki a leda, har sabulu.

Abin da ke fitowa daga ledojin nan ya isa a rubuta littafi. Robobi marasa suna da aka haɗa a gida, 'yan kananan mayuka na matsawa da aka tsiyaya cikin man shafawa, ruwan kwalba mai wari. In kin karanta ƙananan rubutun jikin na matsawar, sau da yawa kulobetasol ne ko betametason, wato maganin ciwon fata mai ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, ita kuwa ta shekara biyu tana shafawa safe da dare. Fatar da ta sha wannan ba ta ɓuya. Tana sheƙi, ta yi siriri, ƙananan jijiyoyi sun fito a kumatu, gashi ya tsiro a gefen fuska, ga nankarwa mai faɗi a hammata da cinya. Ki sa inji a kai, jini ya kwanta. Ki sa asid, ya wuce inda kike nufi ya ƙone ta.

Wannan ba matsalar shagona ba ce kaɗai. A Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara haske. A doka, man kwalliya bai kamata ya wuce kashi 2 na haidirokwinon ba, wato sinadarin da ke ƙara hasken fata, sinadarin makuri mai guba kuwa haramun ne ɗungurungum. Amma wa ke auna abin da ke cikin robar da ba ta da suna?

Masu irin wannan fata na sallame su daga gwajin. Ban ce su yar da man a rana ɗaya ba, don in aka tsayar da shi kwatsam fuska takan yi ja, ta kumbura, ta feso da ƙuraje, su koma kansa a guje. Na ce su ga likita ya janye su a hankali. Wata ta yi fushi, ta ce da kuɗinta. Na ce Hajiya, kuɗinki na nan, fuskar ce ba ta shirya ba.

Alhamis, 5 ga Disamba

An fara da inji. Waɗanda na sa a wannan rukuni masu ƙorafin fuska ta dushe ne, ta yi kaushi, hoda ba ta kwanciya, sai masu baƙaƙen ɗigo a hanci.

A wanke fuska, a bari ta bushe sarai. Hannun hagu ya ja fata ta miƙe, na dama ya ja kan injin a gajeren layi, daga tsakiya zuwa gefe, ba tsayawa wuri ɗaya. Sau biyu a kowane wuri, na biyun a gicciye. Fatar ido ba a zuwa kusa da ita. Duka-duka bai fi rabin awa ba. Da na gama da ta farko na buɗe matatar, 'yar audugar da ta shiga fara ta fito ruwan toka, da gari-gari a kanta. Na nuna mata. Ta riƙe baki, ta ce "Duk wanga daga huskata?" Ta shafa kumatu, ta sake shafawa.

Nan ƙarfin injin yake a kasuwa. Mace tana ganin abin da ta biya tun kafin ta ɗaura ɗankwali.

Hatsarinsa a wurinmu kuma shi ne ja ba ya nunawa. A farar fata, in hannu ya yi nauyi nan take wurin zai yi ja, mai aiki ta sassauta. A tamu sai ki ga kamar ba komai, bayan mako layin da kika bi ya fito baƙi. Shi ya sa na bar zuƙar a ƙasa-ƙasa, kuma ina tambaya kowane lokaci ko tana jin zafi ko kuwa karta kawai. In ta ce zafi, na rage.

Mai ƙuraje masu ruwa ba ta shiga nan. Injin zai fasa su ya yaɗa.

Asabar, 21 ga Disamba

Rukunin asid. Kowacce na fara ɗiga mata kaɗan a bayan kunne, na ce ta dawo bayan mako in ga ko wurin ya yi duhu. Ɗaya ya yi mata, na cire ta.

Yau na yi wa wata ɗalibar kwaleji salisilik. Fuskarta mai maiƙo ce, ƙuraje ƙanana a goshi da haɓa, kuma duk ƙurjin da ya warke sai ya bar baƙin tabo. Na goge maiƙon da sifirit, na sa basilin a gefen ido, da lungun hanci, da leɓe, wuraren da ruwa ke taruwa. Na shafa da burushi, goshi farko, sannan kumatu, haɓa, hanci. Agogo na gabana. Cikin minti ɗaya ta ce "Anti, yana cizo." Yarinyar shago ta kama mafici. Wajen minti na uku fuskar ta yi fari-fari, kamar an barbaɗa mata garin alabo. Wanda bai sani ba zai tsorata, amma ba ƙuna ba ce: ruwan ne ya bushe ya bar ƙwayoyin asid a sama, kuma da tsumma mai ruwan sanyi suke gogewa. Farin da ake tsoro shi ne wanda ba ya gogewa, wanda ke nuna asid ya dafa naman fata.

Abin da ya sa hankalina ya fi kwanciya da salisilik ke nan, shi yake tsayar da kansa. Ga shi yana narkewa cikin mai, don haka yana shiga ramin gashi inda ƙurji ke farawa. Gilaikolik ba haka yake ba. Ƙwayarsa ce mafi ƙanƙanta a danginsu, yana shiga da sauri, kuma ba zai daina ci ba sai an kashe shi da ruwan bekin soda ko an wanke sosai. Minti ɗaya na sakaci, ko a kira ki a waya, ya isa. Mandelik kuwa ƙwayarsa babba ce, a hankali yake ratsawa, shi ya sa ake yaba shi ga fata mai duhu.

A ma'aunin da likitan Amurka Thomas Fitzpatrick ya fara fitarwa a 1975, fata kashi shida ce, mu muna na biyar da na shida. Matsalarmu ɗaya ce a duk wannan aiki: duk abin da ya fusata fatarmu, ko ƙurji ko ƙuna ko gurza, amsarta ita ce ta ƙara baƙi a wurin. A 1999 wata likitar fata, Pearl Grimes, ta gwada salisilik mai kashi 20 da 30 a kan mutum 25 masu irin fatarmu, tazarar mako biyu-biyu, mafi yawansu suka samu sauƙi. Sai dai ta fara shirya fatarsu da magani na mako biyu, kuma a asibiti aka yi. Ni zan tsaya a 20, in bar mako uku zuwa huɗu tsakani.

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

Hunturu ya kankama, kowa fatarsa ta bushe. Na ɗaga wa masu gilaikolik zama na gaba, don biyu sun zo da gefen baki a tsage. Fatar da ta tsage ba a sa mata asid.

Salewar salisilik ba ta kai yadda ake gani a waya ba. Rana ta uku zuwa ta biyar ɗan furfuri ne a gefen hanci da haɓa, shi ke nan. Wata har ta dawo tana cewa bai yi aiki ba tunda ba ta sale ba. Faɗan da nake yi kullum: kar a ɓantare da farce, kar a sa soso, a ajiye sabulun salo na mako guda. Alwala ba matsala, a shafa ruwan a hankali, a bi da mai mara turare.

Litinin, 27 ga Janairu

Wata Hajiya daga Badariya ta zo da ɗiyarta, ɗaurin aure ranar Asabar. Tana son a yi wa amarya "mai ƙarfin nan da ke cire fata gaba ɗaya."

Na ce, "Hajiya, kwana biyar ya rage. In na sa mata, ranar kamu fuskarta na tsakiyar zuba. In kuma ta yi duhu, wata uku ba ta koma ba."

Ta ce, "To mi za a yi? Kin ga tabban nan."

Na ce tabo ba ya fita a mako, ko wa ya gaya mata haka ya cuce ta. Abin da zai yiwu shi ne inji sau ɗaya yau, mara nauyi, hoda ta kwanta lumui ranar biki. Jiki kuma a yi dilka yadda aka saba. Ta amince, ba da son ranta ba.

Innata tana zaune a kan tabarma tana kallon yadda nake jan injin. Da suka fita ta ce, "Ke ɗiyata, wanga abu mi ya raba shi da dilka, ban da kuka da shan mai?" Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Dilka garin hatsi ne da kanumfari da sandal da mai, ana murzawa har matacciyar fata ta biyo hannu. Injin ya fi ta daidaito, ya fi ta tsabtace hanci, ba ya barin ƙamshi ko maiƙo ga mai ƙuraje. Amma zurfin da suke kaiwa kusan ɗaya ne, fatar sama ce kawai.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

An kawo mini wata yarinya cikin niƙabi. Ta sayi kwalba ta intanet, an rubuta TCA a jiki, ta shafa da kanta a ɗaki, ta bar shi don ya "kama sosai." Kumatu biyu sun yi ɓawon ciwo, gefensu baƙi, tsakiya ja yana ruwa. Yayarta tana tambaya ko injin zai goge.

Ban taɓa ta ba. Na ce wannan ƙuna ce, yau ɗin nan su je asibiti a wanke a ba ta magani, sannan su nemi ganin likitan fata ko da sai sun je asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A Yulin bara hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kan sayen irin waɗannan kwalabe masu ƙarfi a shafa ba tare da ƙwararre ba, saboda ƙuna da tabo. Can ma ke nan, inda ake duba abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya shiga mako na biyu, zafi ya taso. Na mayar da zaman fuska bayan tarawihi. Da rana na zauna na jera hotuna tun daga Disamba.

Masu inji: hoton ranar aiki ya fi kowane kyau. Fuska ta yi sumul, ta yi haske. Hoton da aka ɗauka kafin zama na gaba kuwa kusan ya koma gidan jiya, wanda ba abin mamaki ba ne tunda fatar sama tana sabunta kanta cikin kamar wata guda. Ɗigon hanci ya ragu. Baƙin tabo yana nan inda yake.

Masu salisilik: hotunan farko ba abin nunawa, wata ma ƙurajen sun ɗan ƙaru bayan zaman farko. Daga na uku abin ya juya. Ɗalibar nan goshinta ya kwanta, sababbin ƙuraje sun yi ƙaranci, tsofaffin tabban sun koma ruwan ƙasa. Ina ganin rabin nasarar ma daga rashin sababbin ƙuraje ne, tunda ba a ƙara sabon tabo a kan tsoho.

Masu mandelik suna tafiya a hankali, ba wadda ta yi duhu. Gilaikolik ya ba ni sakamako biyu: ɗaya ta yi kyau, ɗaya gefen bakinta ya yi duhu, na dakatar da ita. Ba na jin zan ci gaba da shi.

Abu biyu ne ba wanda ya taɓa su. Ramukan da manyan ƙuraje ke bari, waɗannan suna ƙasa da inda inji ko asid ɗina ke kaiwa. Sai duhun kumatu da ke fitowa da goyon ciki ko maganin tazarar haihuwa. Shi wannan ya ɗan yi wa wata mata sauƙi da mandelik, sai ta je biki Argungu ta wuni a rana, ya dawo har ya fi da.

Rana ita ce rabin aikin, kuma ita ce ba ta hannuna. Bayan kowane zama, inji ko asid, fata sabuwa ce, tana bukatar man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa in an yi alwala ko gumi. Masu kyau suna da tsada, masu araha suna barin fuska fari fat, ba mai yarda ta fita da su. Hijabi yana rufe wuya da kunne, amma kumatu da goshi suna waje. Wadda ta fi kowa samun sauƙi a duk rukunin ma'aikaciyar ofis ce da ke shiga mota daga gida. Mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, asid iri ɗaya, yawan zama iri ɗaya, ba ta samu rabin haka ba.

Talata, 25 ga Maris

Cunkoson Sallah. Kowa inji take so, don ba salewa, ba jira. A kwana ukun nan ya yi aiki fiye da duk watan Janairu.

Amma na yi lissafi. Injin yana son wuta, in babu sai janareta, ga kuɗin fetur. Matata sabuwa ga kowace mace. Kawunan daimon kuma su ne damuwata: ƙanwar maigidana nas ce, ta duba su ta ce wanki da burushi da jiƙawa a maganin kashe ƙwayoyin cuta shi ne mafi ƙaranci, tunda ana iya samun ɗigon jini da ido bai gani ba, ciwon hanta kuwa ba ya bukatar da yawa. Ta fi son a dafa su a tukunyar tururi irin ta asibiti. In ana layi irin na yau, kai uku ba sa isa a yi haka tsakanin mace da mace, dole wasu su jira ko su tafi.

Asid ba ya son wuta, burushi da auduga da agogo ne. Kwalba ɗaya tana daɗewa. Nasa nauyin shi ne inda aka saye shi, da ranar lalacewarsa, da hankalin mai shafawa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na kira mai injin na ce zan mayar. Ta ce zan yi da-na-sani lokacin bukukuwan bayan Babbar Sallah, kuma mai yiwuwa ta yi gaskiya ta fuskar ciniki. Amma abin da yake yi wa amarya, dilka mai laushi da tururi suna yin kusa da shi da kayan da nake da su, su kuwa masu zuwa da kuka a kan ƙuraje da tabo ba abin da ya yi musu.

A allo zan rubuta salisilik da mandelik kawai, ranar Talata da Alhamis da yamma, lokacin da nas take gida. Ba a yi wa kowa a zuwan farko: leda tukuna, sai gwajin bayan kunne, sai a sayi man rana kafin a zauna kujera. Amarya ta zo da wata uku a hannu, in ba haka ba dilka. Daga yanzu zuwa saukar damina na dakatar da masu aikin rana gaba ɗaya, zafin ya wuce digiri 40.

Masu mandelik saura musu zama biyu, zan ci gaba da ɗaukar hotonsu. Mai duhun kumatu ta samu ranar ganin likita a Sakkwato cikin watan gobe, na ce ta tafi da hotunan a wayarta.